Zari-ruga: A bar koci ya zaɓi mutanensa, sai a yi masa hisabi da sakamako

Tun kafin Afirka ta Kudu da New Zealand su shiga filin Stade de France ranar 28 ga Oktoban 2023, domin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta zari-ruga, hankalin masu sharhi ya koma kan bencin Afirka ta Kudu. A wannan wasa kowace ƙungiya tana shiga da mutum 15: ƙarta takwas na gaba, masu aikin turereniya da ƙwatar ƙwallo, sai bakwai na baya, masu gudu da bugu. A benci kuma ana ajiye mutum takwas, kuma al'adar da aka saba ita ce biyar na gaba, uku na baya. Jacques Nienaber, kocin ƙasar a lokacin, da Rassie Erasmus, daraktan wasan, suka zaunar da ƙarta bakwai da ɗan baya guda ɗaya tak, Willie le Roux. Aka yi ta cewa caca ce, wasu ma suka ce an ci amanar wasan. Afirka ta Kudu ta ci 12 da 11.

Har yau ba a daina wannan gardama ba, kuma ni ina tare da masu horaswar. Hujjata ba ta tsaya a kan cewa sun ɗauki kofi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane suna da suka rubuta a takardar nan yana da aikin da aka tanadar masa, hukumar wasan ƙasarsu kuma ta sakar musu mara suka yi yadda suka tsara.

A tuna halin da Erasmus ya tarar da ƙungiyar. A Nuwamban 2016 Italiya ta doke ta 20 da 18 a birnin Florence, abin da bai taɓa faruwa ba. A Satumban 2017 New Zealand ta yi mata cin kaca, 57 da nema. A wancan zamani akwai ƙa'idar da ta hana gayyato ɗan wasan da ke taka leda a ƙetare sai idan ya buga wa ƙasa wasa 30. Manufar ita ce a tsare 'yan wasa a gida, amma darajar kuɗin ƙasar, rand, ba za ta iya gogayya da albashin Faransa da Ingila da Japan ba, don haka 'yan wasa suka ci gaba da ficewa, ƙungiyar ƙasa ce kawai ta yi asara. Da Erasmus ya karɓi ragama a 2018 aka sassauta ƙa'idar, daga baya aka soke ta. Ta haka Faf de Klerk ya dawo daga ƙungiyar Sale ta Ingila, aka kuma ɗauko Cheslin Kolbe daga Toulouse ta Faransa, mutumin da aka daɗe ana cewa ya yi ƙanƙanta da wasan ƙasa da ƙasa. A shekarar ce kuma ya ba Siya Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiyar a irin wannan mataki, a ƙasar da wannan wasa ya daɗe yana ɗauke da tabon wariyar launin fata. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka suka lallasa Ingila 32 da 12 a Yokohama, a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2019. Makazole Mapimpi da Kolbe ne suka dire ƙwallo a bayan layi a ranar.

Masu sukar bencin bakwai da ɗaya suna da hujjoji biyu, kuma ba ɗaya ba ne nauyinsu. Ta farko ita ce haɗari: idan 'yan baya biyu suka ji rauni, wa zai shiga? Ta biyu ita ce lafiyar 'yan wasa: ana turo ƙarta sababbi kusan gaba ɗaya a rabi na biyu su afka wa mutanen da suka gaji, kuma a wasan da ake fama da matsalar buguwar kai, wannan ba abin wasa ba ne. Hujja ta biyu tana damuna ƙwarai. Sai dai wurin kai ƙorafinta shi ne hukumar World Rugby, wadda ta amince da canji takwas, ta kuma sharɗanta kawai cewa a samu masu maye gurbin mutum ukun sahun farko na turereniya. Idan takwas sun yi yawa, a rage wa kowa. Babu adalci a ce wa koci ya bar wata dama da doka ta ba shi alhali abokin karawarsa yana da irinta.

Hujja ta farko kuwa, wasan da kansa ya amsa ta. Minti kaɗan da farawa Bongi Mbonambi, wanda ke tsakiyar sahun farko kuma yake jefa ƙwallo daga gefen fili, ya ji rauni a gwiwa ya fita. Wanda ya maye gurbinsa shi ne Deon Fourie, mai shekara 37, wanda a shekarun baya-bayan nan ya fi buga wani gurbi daban. Ana iya cewa ƙarfin hali ne, amma Fourie ya taɓa riƙe wannan gurbi a farkon aikinsa, kuma tun da Malcolm Marx, ɗayan mai wannan gurbi, ya ji rauni a farkon gasar ake shirya shi don irin wannan rana. An kuma tanadi Kolbe ya riƙe gurbin De Klerk, mai ɗauko ƙwallo daga 'yan gaba ya miƙa wa 'yan baya, idan ta ɓaci. Abin da ake gani daga waje kamar ganganci, an riga an yi masa atisaye.

Batun Marx ɗin ma ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ganina shi ne zaɓi mafi nauyi a gasar baki ɗaya. Da ya ji rauni, kowa ya zaci za a kira wani mai irin aikinsa. Sai aka kira Handré Pollard, ɗan baya mai bugu, wanda bai daɗe da warkewa daga rauni ba. Dalili a fili yake: Manie Libbok, wanda ke riƙe da gurbin Pollard, ya iya rarraba ƙwallo da buɗe fili, amma ƙafarsa ba ta da tabbas wajen bugun da ake samun maki, kuma an ga haka ƙarara lokacin da Ireland ta doke su 13 da 8 a wasan rukuni, inda suka ɓarar da bugu da dama. A wasan kusa da na ƙarshe da Ingila, cikin ruwan sama, aka fitar da Libbok bayan kimanin rabin sa'a. Wannan abu ne mai ciwo ga ɗan wasa a gaban duniya, kuma ban ga laifin wanda ya tausaya masa ba. Pollard ne ya buga ƙwallon da ta ba su nasara 16 da 15 dab da tashi, kuma duk maki 12 na wasan ƙarshe daga ƙafarsa suka fito.

Za a ce akwai sa'a a ciki, kuma gaskiya ne. Faransa 29 da 28, Ingila 16 da 15, New Zealand 12 da 11: wasa uku a jere da tazarar maki ɗaya. An ba kyaftin ɗin New Zealand, Sam Cane, jan kati tun rabin farko, Richie Mo'unga da Jordie Barrett kuma kowannensu ya ɓarar da bugun da zai iya juya sakamakon. Da ɗaya ta shiga, da yau wani labarin ake yi. Amma tsarin ya sake shan gwaji a hannun wasu. A Maris na 2025 kocin Faransa, Fabien Galthié, ya je Dublin da benci bakwai da ɗaya, ɗan bayansu Antoine Dupont ya ji rauni a rabin farko, daga baya wani ɗan baya ya sake fita, har sai da ɗan gaba Oscar Jegou ya koma tsakiyar 'yan baya. Duk abin da masu suka ke tsoro ya faru, Faransa kuma ta ci Ireland 42 da 27, ta je ta ɗauki kofin ƙasashe shida.

Misalin da ya fi ƙarfi a hannun masu cewa kada a sakar wa koci komai shi ne Eddie Jones. Ostireliya ta ba shi wuƙa da nama a 2023. Ya ajiye gogaggun 'yan wasa Michael Hooper da Quade Cooper, ya tafi gasar da matashi Carter Gordon a matsayin babban mai sarrafa wasa, ba tare da gogaggen da zai tallafe shi ba. Fiji ta doke su 22 da 15, Wales ta yi musu 40 da 6, suka fita tun a rukuni karon farko a tarihinsu. Amma a dubi bambancin. Jones ya karɓi aiki watanni kaɗan kafin gasa, ya rushe ginin da ya tarar, bai kuma tanadi mafita ba idan zaɓinsa ya gaza. Laifin da ya fi girma yana kan waɗanda suka kori kocin da ya gabace shi, Dave Rennie, a watan Janairu suka kawo shi a gurguje. Wurin da hukuma za ta nuna hikimarta shi ne lokacin ɗaukar koci. Bayan ta ɗauka, tsoma baki a jerin sunaye ba ya gyara kuskuren farko. Erasmus shi ma ba waliyyi ba ne, bidiyon da ya yi yana caccakar alƙalin wasa a 2021 abin kunya ne kuma dakatarwar da aka yi masa ta dace, sai dai wannan batun ɗabi'a ne, ba na zaɓen 'yan wasa ba.

Shi ya sa ƙa'idar Ingila ta ƙin ɗaukar duk wanda ke wasa a waje ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na fahimci manufarta: a kare gasar cikin gida, a kuma samu 'yan wasa a sansani duk lokacin da ake so. New Zealand ma haka take yi, shi ya sa ta rasa Mo'unga da ya tafi Japan. Amma a duba Jack Willis. Bai bar gida don kwaɗayi ba, ƙungiyarsa Wasps ce ta durƙushe a 2022, a kakar da Worcester da London Irish su ma suka rufe. Ya samu aiki a Toulouse, ya ci gasar Faransa da su, ya ci kofin zakarun Turai a 2024, yana karawa da manyan 'yan wasan duniya kowane mako. An yi masa sassauci har zuwa gasar 2023, daga nan aka rufe ƙofa. Idan kocin Ingila, Steve Borthwick, ya duba ya ga Willis bai dace da tsarinsa ba, wannan haƙƙinsa ne, kuma za mu iya yin gardama da shi a kai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire sunan tun kafin takarda ta iso teburinsa, sannan idan aka sha kashi a ce shi kaɗai zai amsa tambaya. Ko Wales ta rage sharaɗinta daga wasa 60 zuwa 25 a 2023 da ta ga ba za ta iya riƙe mutanenta ba. Kafin a je Ostireliya gasar 2027, ya kamata hukumar wasan Ingila ta ba kocinta aƙalla 'yan gurabe da zai cike da duk wanda ya ga dama, ko a ina yake wasa.