Gidan da ka kwana a cikinsa yana binka bashi

Ƙannena ɗalibai, da ku tsarana da muka daɗe da barin makaranta, akwai wani gida da na zauna daura da shi lokacin da nake karatu a Amurka, kuma har yau idan na ga ɗakin kwanan ɗalibai ya lalace sai ya faɗo mini a rai. Gidan jan bulo ne, hawa uku, da manyan haruffan Girka guda uku a goshinsa. Samari ne zalla a ciki, 'yan ƙungiyar 'yan'uwantaka ɗaya, ci tare, kwana tare.

Irin waɗannan ƙungiyoyi sun daɗe a can. Ta farko mai sunan haruffan Girka ita ce Phi Beta Kappa, wadda aka kafa a 1776 a Kwalejin William da Mary ta jihar Virginia. A 1825 aka kafa Kappa Alpha a Kwalejin Union da ke jihar New York, daga nan abin ya bazu. Ɗalibai baƙar fata suka kafa tasu, Alpha Phi Alpha, a Jami'ar Cornell a 1906, ƙungiyar da Martin Luther King ya shiga daga baya. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duka 'yan wata irinta ne, Phi Beta Sigma. A fili suke harkokinsu, jami'a ta san da zamansu, don haka kada ku haɗa su da ƙungiyoyin asiri da suka addabi wasu makarantunmu.

Ba yabonsu na zo yi gaba ɗaya ba. Akwai shan giya a yawancin gidajen, akwai azabtar da sababbin shiga, har an yi asarar rayuka, abin da ya sa aka sa hannu a kan dokar tarayya game da wannan cin zali a watan Disamba na 2024. Duk wanda Allah ya kai shi can karatu, ya yi nesa da wannan. Amma abu mai kyau ko a hannun wa ka gan shi, ɗauka za ka yi.

A wurare da yawa gidan ba na jami'a ba ne, ba kuma na yaran da ke ciki ba. Tsofaffin 'yan ƙungiyar ne ke kafa kwamitin amintattu, su riƙe takardun gida, su karɓi haya daga ɗalibai, su biya inshora, su ajiye wani abu domin ranar da rufi zai yoyo ko tukunyar ɗumama gida za ta mutu a tsakiyar hunturu. Ɗalibi shekara huɗu yake yi ya tafi, gidan kuwa wani ya haura shekara ɗari. Da an bar shi a hannun masu wucewa kaɗai, da tuni ya zama kango.

Wata Asabar a cikin Agusta, kafin a koma makaranta, na farka na ji bugun guduma. Na leƙa na ga motoci sun cika layi, an jingina tsani biyu a bango, ana ta fito da tsofaffin katifu da karyayyun kujeru. Aikin gayya ne sak irin namu, sai dai babu mai ganga. Na sauka na tsaya a bakin shinge. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo, zai kai saba'in, ya durƙusa a bakin ƙofa da sukudireba a hannu, wani yaro ɗan shekara sha tara ya riƙe masa ƙyauren. Dattijon bai karɓe aikin ba. Ya ɗaura ƙusa ɗaya, ya miƙa wa yaron, ya zauna yana kallo har yaron ya gama sauran, ya sa shi ya kwance guda da ta karkace ya sake. Da suka shigar da ni shan ruwa, sai na ga bangon falo cike da hotuna, kowace shekara da nata, fuskokin duk waɗanda suka zauna a gidan. Dattijon ya ɗora yatsa a kan wani siririn saurayi mai tarin gashi a can sama. Shi ne.

To ku ɗalibai, da ku nake. Famfon da kake wucewa yana ɗiga kullum, kana cewa ai na kusa gamawa, ka sani wani ne ya bar maka shi da lafiyarsa. Ka karya kwaɗo saboda ka yar da makulli, ka jona wayar wuta tsirara don dafa taliya, ka rubuta sunanka da gawayi a bangon da aka yi wa fenti bara. Yaron da zai gaji gadonka yanzu haka yana sakandare, bai yi maka laifin komai ba. Idan manya sun zo da kuɗinsu da lokacinsu, kada ka kwanta kana danna waya suna ɗaukar bokiti. Tashi ka karɓa, ka ce sannu da zuwa Baba, ka nuna musu inda ke yoyo, domin kai ne ka kwana a ƙarƙashinsa, su ba su sani ba.

Kuma kada ku ɗauka gyara fenti ne. Ranar 12 ga Mayu, 1996, da asuba, gobara ta tashi a gidan ƙungiyar Phi Gamma Delta a Chapel Hill ta jihar North Carolina. Ɗalibai biyar suka rasu, a ranar da ake bikin yaye ɗalibai, iyaye sun cika gari. Daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa wutar ta fara, kuma gidan ba shi da famfunan silin masu fesa ruwa da kansu idan wuta ta kama. Bayan nan ne garin ya wajabta sa su a irin waɗannan gidaje. Aiki ne mai tsada wanda ba ya fitowa a hoto, kuma kuɗin ɗalibi ba zai taɓa yinsa ba. Nan ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: yaro ya ga wayar da ta ƙone, babba ya kawo mai gyaran wuta na gaske ya biya shi.

Ku kuma tsarana, kada mu zama masu zuwa sau ɗaya a shekara da babbar riga, mu ɗauki hoto, mu yi wa yara faɗa cewa zamaninmu ba haka yake ba, mu shiga mota. Yaro yana gane wanda ya zo aiki da wanda ya zo a gan shi. A cikinmu akwai injiniya, akwai akanta, akwai mai shagon siminti. Kowa ya kawo abin da ke hannunsa, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban kowa har da ɗaliban, domin rashin wannan ne ke kashe yawancin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Kuma a tambayi yaran kafin a yanke shawara. Sau da yawa mu ƙofar shiga muke so a ƙawata, su kuwa banɗaki ne ya hana su barci.

Da yamma a ranar nan, bayan motoci sun watse, na ga yaron da ya riƙe ƙyaure ya fito shi kaɗai. Ya buɗe ƙofar, ya rufe, ya sake buɗewa yana sauraron ko za ta yi ƙara. Sannan ya ɗauki tsintsiya ya share garin katakon da ya zuba a kan dokin ƙofa.