Sau takwas a mako, da maƙogwaro ɗaya

A finafinanmu na Kannywood, idan lokacin waƙa ya zo, kowa ya san yadda ake yi. Mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera, a gyara murya a kwamfuta, sannan jarumi da jaruma su tafi gindin dutse ko cikin lambu suna motsa baki. In ƙafa ta goce, darakta ya ce a sake. In jaruma ta gaji, a ɗage sai gobe. To, akwai wata sana'a a Amurka da Ingila da ba a san "a sake" a cikinta ba. Mutum ɗaya ne zai rera waƙar da bakinsa, ya taka rawar da ƙafarsa, ya yi kuka ya yi dariya a gaban mutum dubu da ɗoriya da suka biya kuɗi, kusan awa biyu da rabi, gobe kuma ya dawo ya maimaita kamar yau ya fara.

Wasan dandamali mai waƙa da rawa kenan, wanda ya yi kaka-gida a unguwar Broadway ta birnin New York, mai gidajen wasa 41, da kuma West End a Landan. Tsarin da aka saba a can shi ne wasa takwas a cikin kwana shida, a huta rana ɗaya, galibi Litinin. Ni dai a ganina, wannan takwas ɗin lissafin akanta ne, ba a tambayi jikin ɗan Adam ba kafin a yanke shi. Kuma ɗan kallon da ke tsaki idan ya tarar tauraron wasa bai fito ba, bai san dawan garin ba.

A ɗauki ranar Laraba, ranar da ake wasa biyu. 'Yar wasa ta tashi ba ta ce wa kowa uffan ba, domin muryar jiya ba ta gama dawowa ba. Ta kifa fuska a kan tururin ruwan zafi, ta sha ruwa, ta fara ɗumama maƙogwaro a hankali. Ƙa'ida ce ta sa hannu a takardar halarta rabin awa kafin a buɗe labule, amma wadda za a shafe wa fuska da fenti ko a ɗaura wa gashin kanti dole ta riga haka isowa. A cusa mata 'yar makirufo ƙarama a gaban goshi, a ɓoye batirinta a cikin gashi ko a ƙugu. Ƙarfe biyu na rana a fara. A bayan labule akwai masu jiran ta da riga a buɗe, su tuɓe mata wata su zura mata wata cikin daƙiƙu, a cikin duhu, tana haki, ta koma fili tana murmushi. Wajen ƙarfe biyar a tashi. Ta ɗan taɓa abinci kaɗan, don cikakken ciki ba ya tsalle, ta miƙe a ƙasan ɗakin shiri da ƙanƙara a gwiwa. Bakwai ko takwas na dare a sake daga farko. Tana isa gida sha ɗaya ta wuce, jiki ya mutu amma ido ya ƙi rufuwa.

Sauran ranakun ma ba hutu ba ne. Da rana ake atisayen shigar da sabon ɗan wasa, da rana ake zuwa wurin mai gyaran gaɓoɓi da malamin murya, da rana kuma ake zuwa gwajin neman wani aikin, tunda ba wanda ya san ranar da za a liƙa takardar rufe wasan da yake ciki. Bikin ƙanwa, sunan ɗan yaya, duk a ranar Asabar suke faɗowa, Asabar kuwa wasa biyu ne.

Wahalar da ta fi kowacce ita ce maimaici. Mai noma ma yakan sauya hannu, amma ɗan rawa zai dira a kan ƙafa ɗaya, a wuri ɗaya, sau ɗari huɗu a shekara, wani lokaci a kan dandamalin da aka karkatar don 'yan kallo su gani da kyau. Gwiwa da baya su ke biyan bashin. Maƙogwaro ma haka. Julie Andrews, wadda duniya ta sani da zaƙin murya, an yi mata tiyata a maƙogwaro a 1997 bayan ta daɗe tana wasa a Broadway, kuma muryar waƙarta ba ta sake dawowa yadda take ba. Idina Menzel, wata fitacciyar 'yar wasa kuma mawaƙiya, ta faɗa ramin dandamali a Janairun 2005 tana cikin wasa, ta karya haƙarƙari. Waɗannan manya ne, shi ya sa aka ji labarinsu. 'Yan amshi da 'yan rawar baya, waɗanda su ne suka fi yin tsalle, nasu ciwon ba ya shiga jarida.

Masu zuba jari suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Hayar gidan wasa, albashin makaɗa, masu haske, masu ɗinki, masu jan labule, duk mako-mako ake biya. Mafi yawan wasannin Broadway ba sa ma mayar da uwar kuɗi. In ka rage wasa ɗaya a mako, ka zubar da kashi ɗaya cikin takwas na ciniki alhali kashe kuɗi bai ragu ba. Za su kuma ce albashin ba laifi: ƙungiyar 'yan wasa ta Actors' Equity, wadda aka kafa tun 1913, ta kai mafi ƙarancin albashin Broadway sama da dala 2,000 a mako. Gaskiya ne. Sai dai a cire kashi goma na dillali, a cire haraji, a cire kuɗin haya a New York, sannan a tuna cewa wannan albashin na makonnin da ake aiki ne kawai. Hatta inshorar lafiya tana rataye ne da yawan makonnin da mutum ya yi aiki. Wato wanda ya fi buƙatar ya kwanta ya yi jinya, shi ne ya fi tsoron kwanciya.

Ba na cewa a rufe gidajen wasa kwana biyu a mako. Abin da nake cewa, wasa yana iya fita sau takwas ba tare da mutum ɗaya ya fita sau takwas ba. Kuma an riga an gwada. Lokacin da aka kai tarihin Fela Anikulapo Kuti dandamalin Broadway a 2009, wasan da daga baya aka kawo Legas a 2011, an ga cewa babu mai iya ɗaukar nauyin Fela shi kaɗai, ga waƙa, ga rawa, ga surutu da 'yan kallo, kusan ba ya barin fili. Sai aka sa mutum biyu, Sahr Ngaujah da Kevin Mambo, suna karɓa-karɓa. Wasan The Phantom of the Opera, wanda ya shekara 35 a Broadway kafin a rufe shi a can a Afrilun 2023, yana da mai karɓar jarumarsa sau biyu a kowane mako. Ciniki bai mutu ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan rangwame ya tsaya a kan masu manyan sunaye?

Nan ne ake zuwa kan mutanen da na fi jin tausayi kuma na fi girmamawa, wato 'yan ko-ta-kwana. Kamar 'yan benci ne a ƙwallo, sai dai ɗan benci gurbi ɗaya yake jira, shi kuwa wannan yakan haddace gurbin mutum biyar, ko takwas, ko fiye. Ya san inda kowannensu yake tsayawa, ta wace ƙofa yake shiga, wace murya yake ɗauka a amshi, wa yake ɗagawa sama. Kuskuren taku ɗaya, sai ya yi karo da wani ko ƙarfe ya sauko masa a ka. Yana zaune a bayan fage da littafinsa, bai san ko yau za a kira shi ba.

Annobar korona ce ta fito da su fili. An rufe Broadway ranar 12 ga Maris, 2020, ba a dawo sosai ba sai Satumban 2021, kuma a Disambar wannan shekarar cutar ta sake kwantar da 'yan wasa rututu. Wata rana jarumar wasan da fitaccen jarumin finafinai Hugh Jackman yake ciki, Sutton Foster, ta kamu. Da tsakar rana aka shaida wa Kathy Voytko, 'yar ko-ta-kwana mai riƙe da gurbi takwas, cewa ita ce jaruma a daren. Ƙarfe ɗaya ta fara atisayen gurbin, da dare ta fito ta yi. Da aka gama, Jackman ya jawo ta gaba ya shaida wa jama'a cewa irinta ne ginshiƙin Broadway. A wannan watan ne kuma shugabar ƙungiyar masu gidajen wasa ta yi suɓul da baka, ta nuna kamar rashin ƙwarewar masu maye gurbi na cikin abin da ke sa a soke wasanni, har sai da ta fito ta nemi afuwa. Tafi da yabo ba su da tsada. Ƙara yawan 'yan ko-ta-kwana, da ba su atisaye isasshe, da biyansu gwargwadon gurbin da suka ɗauka, su ne masu cin kuɗi, kuma a nan ake jan ƙafa.

Na san zafin ɗan kallo. Mutum ya tara kuɗi, ya sayi tikitin sama da dala 100, wataƙila ya hau jirgi daga wata ƙasa, ya zauna ya buɗe ɗan littafin wasa, sai ga 'yar farar takarda ta faɗo: yau wance ce za ta fito a madadin wance. Dole ransa ya sosu. Amma wannan 'yar takardar tana nufin wata ta tashi da safe ta gwada murya ta ji ba ta fita, ta zaɓi ta rasa dare ɗaya maimakon ta rasa shekara goma. Tana kuma nufin wata da ta yi wata shida tana haddar gurbin a lungu, yau za ta yi wasa kamar ranta ya dogara a kai, domin ba ta san yaushe za a sake kiranta ba.

Ranar Litinin, ranar hutun, ita ce ta wanki da cefane da ganin likita. Wasu a ranar ba sa magana kwata-kwata. Ɗan 'yar wasa ya tambaye ta inda takalminsa yake, ta ɗauki waya ta rubuta masa amsa.