Nasiha Ga Matasa Masu Cinna Wa Bola Wuta

Ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli da ta gabata, samarin layinmu a nan Kano sun yashe kwata, sun share titi, sun tara shara tsibi guda. Ina shirin sa musu albarka sai ɗaya ya ɗora tsohuwar taya a kai, ya yayyafa fetur, ya ƙyasta ashana. Har la'asar baƙin hayaƙi bai daina turnuƙe layin ba, wata dattijuwa mai fama da asma ma sai da ta toshe hanci da gefen mayafi kafin ta iya wucewa.

'Yan'uwana matasa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sharar yanzu cike take da leda da robar lemo, kuma daga man fetur ake yin su, saboda haka ƙona su yana fitar da iskar kabon da ke taruwa a sararin samaniya tana riƙe zafin rana, ban da kunkunniyar da ke shiga huhun yara. Na san za ku ce ai janareto na ruri a kowane shago, Adaidaita Sahu ta cika titi, ga masana'antun Sharada da Challawa da Bompai, ga itace da gawayin girki. Gaskiya ne, kowannensu yana fitar da rabonsa. To amma mai janareto zai kafa hujja da rashin wutar lantarki, mai gawayi ya ce gas ya yi tsada. Kai da ka cinna wa bola wuta, mene ne uzurinka? Haka kuke yi da hunturu, ku ƙona taya ku kewaye ta kuna jin ɗumi, kuna musun ƙwallon Turai har tsakar dare, wasu na busa abin da ba ya faɗuwa, sannan sallar asuba ta gagara.

Ko jibge sharar da ake yi a bar ta ta ruɓe yana da tasa illar, domin ragowar abinci yana fitar da iskar mitan, wadda a cikin shekara 20 take riƙe zafi kusan ninki 80 na kabon. A shekarar 2021, a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Gilasgo, Najeriya ta yi alƙawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa daga sararin samaniya nan da 2060, amma mu a unguwa kullum ashana ce a hannunmu, sai watan Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, mu yi ta kuka. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho. Ku ware leda daban, ku kai sauran inda mota ke kwashewa.

Iyayenmu ba su san waɗannan sunaye na kimiyya ba, amma sharar birnin nan a mangala ake loda ta, jakuna su kai ta gonakin karkara ta zama taki, har manoma na nemanta. Da kwano ake zuwa sayen koko, duba-gari na leƙa randa da makewayi, mai unguwa kuma in ya tsawatar an ji ke nan. Yau ka yi wa yaro magana a kan hayaƙi, uwarsa ce za ta fara aiko maka da baƙar magana.