Yadda na mayar da masu bashin Kawu mutum ɗaya

Wata uku kacal na yi ina koyon kodin amma a gida har an fara ce min injiniya, ni kuma ban musa ba. Shi ne Kawu mai shagon atamfa da shadda a Kwari yace in haɗa masa manhajar rubuta masu bashi, wai littafi ya ishe shi. Nace haba Kawu, ai wannan aikin dare ɗaya ne.

Na buɗe MySQL, manhajar da ke ajiye bayanai, wadda sai ka faɗa mata irin abin da kowane gida zai ɗauka. Suna na ba shi VARCHAR, wato rubutu, kuɗi DECIMAL, wato lamba mai ɗigo, nan kam a yaba min, da na zo kan lambar waya ko tsayawa ban yi ba, ai da ji sunanta lamba, na maka mata INT, wato lambar lissafi marar ɗigo, na wuce. Yaron shago ya kwana biyu yana shigar da mutane, Kawu ya ji daɗi har da ba ni shadda yadi biyar.

Ana saura sati sallah sai ga kira. "Kai injiniya, waye wannan mai 2147483647 ɗin?" Na je na duba, wallahi kowa lambarsa kenan, Hajiya mai sari ita ce, tela ita ce, har limamin layi. Kawu ya riga ya gama yanke hukunci wai wani ɗan damfara ne yake canza suna yana kwashe masa kaya, har ya kira layin sau uku.

Ashe INT bit 32 ne, wato girman wurin da yake da shi kenan, iyakarsa 2,147,483,647, lambarmu kuwa da sifilin farko ya faɗi ta zama biliyan 7 ko 8 ko 9, ni kuma na kashe strict, tsarin da ke ƙin karɓar abin da ya wuce iyaka, tun farko don jan rubutun gargaɗi ya dame ni, sai abin ya dinga datse kowa a kan iyaka shiru abinsa. Mutum ɗaya ne ya tsira, dillalin Maraɗi, don lambar Nijar guda 8 ce, shi kuma ya ma biya tuni.

Jiki na rawa na koma BIGINT, babban yayan INT, sifilin farko yace bai san zance ba. Abokina da na kira dariya ya fara yi, yace "mutumina, ka taɓa tara lambar wayarka da ta Umma ka ga nawa suka kama?" Na mayar VARCHAR.

Nace Kawu ina tsohon littafin? Yace ba kai kace an daina yayin takarda ba, mai ƙosai na ba.

Yau kwana huɗu ina karyawa da ƙosai, na kwato lamba 11, ta limamin mai ya cinye rabi.