Wanda ba shi da jirgi, shi ake yanka wa farashi

Tun daren jiya maganar nan take cina, bari in amayar da ita in huta. Kun dai san batun kwantenar da muka haɗa mu shida a kasuwar Bab Sharif ta Jidda, jallabiyoyi da darduma da turaren wuta da katan-katan na dabino, wadda ya kamata a ce tana Kano kafin azumi. Mako bakwai kayan suna jibge a siton mai kago, wai babu wuri a jirgi. Jiya ya kira ni, kamfanin jirgin ya sake ƙara kuɗi, ko mu biya ko mu ci gaba da jira. Na je na leƙa, dabinon da ke ƙasa har ya fara tsatsafo da zuma ta jikin kwali, tururuwa ta yi layi.

Bayan isha'i wani dattijo a majalisa yake ce min, "Alhaji, ai laifin 'yan Husi ne, sai haƙuri." Baba, na ji, ban musa ba. Tun Nuwamban 2023 da 'yan Husin Yaman suka kama jirgin ruwan Galaxy Leader manyan jirage suka ƙaurace wa mashigin Babul Mandab da ke bakin Bahar Maliya, suna zagayawa ta Afirka ta Kudu, ƙarin kwana goma ko fiye. Amma ranar da wuri ya yi ƙaranci, kayan wa ake fara bari a ƙasa? Na wanda ƙasarsa ba ta da jirgi. Shi ake yanka wa farashi, shi ake ce wa ya jira, kuma ba shi da inda zai kai ƙara.

Ku dubi ƙasar da muke zaune. Tun 1978 Saudiyya ta kafa kamfanin jiragen ruwa na Bahri, yau yana cikin manyan masu tankokin ɗanyen mai a duniya. Bai ishe su ba, a 2017 kamfanin man Aramco da Bahri suka haɗa hannu da kamfanonin Hyundai da Lamprell don a riƙa ƙera jirage a Ras al-Khair. Mu fa? Mun riga su. Najeriya ta kafa kamfaninta na jiragen ruwa, NNSL, a 1959, aka ci shi har ƙashi, aka rufe a 1995. Aka yi dokar Kabotej, ta jigilar ruwa a cikin gida, a 2003, ana cire kashi 2 cikin ɗari ana tarawa don 'yan ƙasa su sayi jirage, aka haura shekara 20 masu jirgi suna jiran rabo. Wallahi abin da ciwo.

Kada wani ya zo min da "gwamnati ba ta iya kasuwanci". Sin da Koriya ta Kudu da Japan ke ƙera sama da kashi 90 na jiragen duniya, wacce a cikinsu gwamnatinta ta naɗe hannu? Masu cewa ina ruwan ɗan Arewa da teku kuwa, su shiga Kantin Kwari su tambayi atamfa ta ina ta zo, su tambayi riɗin Jigawa ta ina yake fita. Sama da kashi 80 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke bi. Ba ka da jirgi, aron na wani kake yi, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Allah ya ji ƙan kakata. Ita daga Mai Wurno a Sudan ta taso har tashar ruwan Sawakin, ta hayo Jidda a sambuƙ, jirgin katako mai filafilai. Takan ce ruwan shan da aka ba su a salka ɗumi gare shi kamar na wanka, kuma tun daga tashi har suka hango gaɓa ba ta saki ƙullin garin geronta ba, da shi take matashin kai.