Goggo ta wanke mini jirgin ƙasa

Cikin kwandalolin azurfa da nake tarawa na hanyoyin jirgin ƙasa, babu wadda nake ji da ita kamar ta Semmering, wani layin dogo da ya ratsa duwatsun Ostiriya. Ostiriya ce ta buga ta a 2004, ta Yuro 25, don cikar layin shekara 150. Gefenta azurfa, tsakiyarta wani ƙarfe da ake kira niyobiyom, kore shar. Kullum tana cikin 'yar robarta, ko ni ba na taɓa ta da yatsa, don zufar hannu kaɗai kan bar mata tabo.

Sai Goggo ta zo mana kwana biyu. Goggo kuwa ba ta ganin datti ta ƙyale shi.

Na dawo daga aiki na tarar da ita zaune da soson ƙarfe da man goge baki, fuskarta cike da fara'a. "Ɗan nan, kuɗinka ya yi gansakuka. Sai da na sa wuƙa kafin robar ta buɗu, amma ga shi, ya fita fes."

Ya kuwa fita. Koren nan ba fenti ba ne, wani siririn ɓawo ne da ake samar wa ƙarfen da lantarki, haske na sauka a kai ya ba da launi. Goggo ta kankare shi tas, ta haɗa da rabin hoton jirgin da ke jikin kwandalar.

Na ce, "Goggo, wannan fa layin da Carl von Ghega ya gina ne daga 1848 zuwa 1854, kilomita 41 cikin duwatsu, a kan hanyar Biyana zuwa Tiriyeste."

Ta ce, "To shi ya ce a bar shi da ƙazanta?"

Na yi mata bayanin cewa a wurin masu tarawa, kwandalar da aka goge darajarta ta zube, wani lokaci sai dai a auna azurfar. Ta tambaya me za ta iya saye. Na ce a Ostiriya kaɗai ake karɓarta. Ta dube ni yadda ake duban marar lafiya, ta ce Allah ya shirya.

Ina tsaye ina juya abata a tafin hannu, tunda yanzu babu sauran abin kiyayewa, sai ta sake matso man a kan soso.

"Miƙo mini ta Rashan nan mai jirgin Saiberiya. Na ga ita ma ta fara duhu."