Mai Mata Huɗu Na Amurka

Bayan sallar isha'i, a teburin mai shayi. Ɗan Boko ya kunna waƙa a wayarsa, ya lumshe ido yana kaɗa kai.

Alhaji: Kai yaro, wa aka yi wa rasuwa yake wannan kukan?

Ɗan Boko: Ba kuka ba ne, Alhaji, waƙar soyayya ce. Peabo Bryson ke nan, baƙar fatar Amurka, haifaffen Greenville a 1951.

Jauro: Fiyabo? Ƙanin fiya-fiya ne, na kashe sauro?

Alhaji: Bari, Jauro. Ita wannan da take amsa masa fa?

Ɗan Boko: Roberta Flack. A 1983 suka yi faifai guda cur tare.

Alhaji: Uwargida ke nan.

Ɗan Boko: Ai kafin ita ya yi da Natalie Cole a 1979.

Alhaji: Af! To waccan ce uwargida, wannan ta biyu. Ci gaba, ina lissafi.

Ɗan Boko: A 1991 kamfanin Disney ya haɗa shi da Celine Dion, 'yar Kanada, tana shekara 23.

Alhaji: Ɗanya shakaf! Lallai mutumin nan ya san kasuwa.

Ɗan Boko: Da shekara ta zagayo kuma sai Regina Belle, a fim ɗin Aladdin, inda saurayi ya ɗauki gimbiya a kan darduma suka tashi sama. Waƙar har ta zo ta ɗaya a Amurka.

Jauro: Darduma? Aradu tawa shekara goma ina zaune a kanta, ko motsi ba ta taɓa yi ba.

Alhaji: Ɗaya, biyu, uku, huɗu cif! Ya cike gurbi. Ya yake raba kwana?

Ɗan Boko: Wane kwana? Ko ɗaya bai aura ba, Alhaji. Sana'a ce. A shiga situdiyo, a rantse da so har abada, a fito kowa ya kama gabansa.

Alhaji: Innalillahi! Duk wannan marairaicewar ba ko sisin sadaki?

Jauro: Shekara goma sha uku yana kiwon shanun mutane, ko maraƙi bai samu ba.

Ɗan Boko: Ya samu mana. Kambun Grammy, lambar yabon mawaƙa, har biyu.

Alhaji: Yauwa, yanzu ka zo wajena. Suna ina?

Ɗan Boko: To, nan ne gizo ke saƙa. A 2003 hukumar haraji ta dira gidansa a Atlanta kan bashin sama da dala miliyan ɗaya. Ta yi gwanjon kambunan duka biyu, da fiyano, har da takalmansa.

Alhaji ya ajiye kofi, ya gyara zama.

Alhaji: Takalman lamba nawa ne? An sayar duka, ko akwai ragowa?

Mai Shayi: Af, ka tuna mini, Alhaji. Kuɗin shayi da ƙwai na mako uku. Za ka biya ne, ko in fara da na ƙafar dama?